Allurar narkar da gudan jini: wa ake yi wa, wa ba a yi wa, kuma me ya sa

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan uwa mazauna Makka, Madina da Jidda, da kuma alhazai da masu Umara, suka fi yi game da allurar da ake bayarwa a ɗakin gaggawa idan gudan jini ya toshe jijiya, wato abin da ake kira jalɗa a nan Saudiyya. Allura ce mai ceton rai, kuma ita ɗin ce dai take iya kisa idan aka yi wa wanda bai dace ba. Yawancin abin da likita yake dogara da shi wajen yanke hukunci yana fitowa ne daga bakin wanda ya rako mara lafiya.

Wace irin allura ce, kuma yaya take aiki?

Idan jini ya daskare, wani zare mai suna fibrin ne yake saƙa gudan ya riƙe shi. Jiki yana da nasa sinadarin da ke yanke wannan zare, plasmin, amma a hankali yake aiki. Allurar tana tayar da plasmin mai yawa a lokaci guda, sai gudan ya wargaje, jini ya koma bin hanyarsa. Waɗanda aka fi amfani da su su ne alteplase, tenecteplase da streptokinase, duk ta jijiya ake ba da su. Ana yin su a manyan larurori 3: shanyewar ɓarin jiki da toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ta haddasa, bugun zuciya mai tsanani, da babban gudan jini a huhu.

Kada a haɗa ta da magungunan tsinka jini irin su warfarin ko heparin. Waɗancan hana sabon guda fitowa suke yi, ba sa fasa wanda ya riga ya kafu.

To ina haɗarin yake?

Allurar ba ta san gudan da ke cutarwa daga wanda ke kare rai ba. Kamar ruwan sama mai ƙarfi ne: zai buɗe kwatar da ta toshe, zai kuma wanke yaɓen da aka liƙe tsagar katanga da shi jiya. Duk inda jiki ya toshe wani rauni da gudan jini, a gyambon ciki ne, a wurin ɗinkin tiyata ne, ko a wata 'yar jijiya cikin kai, allurar na iya buɗe shi.

Mafi muni shi ne zubar jini cikin ƙwaƙwalwa. A babban binciken da aka buga a Amurka a 1995, wanda shi ya buɗe ƙofar amfani da alteplase ga masu shanyewar jiki, kashi 6.4 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar sun sami zubar jini mai illa a ƙwaƙwalwa, su kuwa waɗanda ba a yi wa ba kashi 0.6 ne. Duk da haka, waɗanda suka warke ba tare da wata nakasa ta a zo a gani ba bayan wata 3 sun fi yawa a cikin masu allurar, da kimanin mutum 11 zuwa 13 cikin kowane 100, kuma mace-mace bai ƙaru ba. Wannan shi ya sa ake yin ta duk da haɗarin. A bugun zuciya zubar jinin ƙwaƙwalwa bai kai haka ba, kusan mutum 1 cikin 100 ne, domin ƙwaƙwalwar ba ta riga ta ji rauni ba.

Akwai kuma ƙananan zubar jini da ake yawan gani: dasashi, haɓo, jini a fitsari, ko tsattsafowa daga inda aka huda jijiya.

Me ya sa sai an ɗauki hoton kai tukuna, alhali kowa na cewa lokaci na ƙurewa?

Domin shanyewar jiki iri 2 ce. A mafi yawan mutane jijiya ce ta toshe, a sauran kuwa fashewa ta yi. A ido duk ɗaya suke: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Babu likitan da zai iya rarrabe su da dubawa kawai, komai ƙwarewarsa. Hoton CT ne ke nuna jini nan take, kuma ɗaukarsa 'yan mintoci ne. Yi wa mai fashewar jijiya wannan allura daidai yake da ƙarasa shi.

Saboda wannan dalilin ne ma bai kamata a ba mutum asfirin a masauki ba idan ɓarin jikinsa ya mutu. Ko ruwa kada a ɗura masa, ko da zamzam ne, domin haɗiya na iya lalacewa ruwan ya zarce huhu. Ƙaramin asibitin tawagar alhazai da ke masauki ba shi da na'urar hoton kai, don haka biyawa ta can ɓata lokaci ne. A kira motar is'af, wato motar asibiti ta gaggawa, ta 997, ko 911 a yankin Makka, su suka san asibitin da ya dace.

Likita ya yi ta tambayarmu ƙarfe nawa abin ya fara. Mene ne muhimmancinsa?

A shanyewar jiki, ƙa'idar da aka sani ita ce a fara allurar cikin awa 4 da rabi. Da farko awa 3 ne, wani binciken Turai na 2008 ya tsawaita shi. Dalilin iyakar shi ne, sashen ƙwaƙwalwar da ya rasa jini yana mutuwa a hankali, jijiyoyin cikinsa su yi laushi. Idan aka sako musu jini bayan sun ruɓe, yoyo za su yi. Wato da lokaci na tafiya amfanin allurar na raguwa, haɗarin kuwa yana nan. Wanda aka yi wa cikin minti 90 ya fi wanda aka yi wa a awa ta 4 samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da likita ke nema shi ne lokaci na ƙarshe da aka ga mutumin lafiya ƙalau, ba lokacin da aka tsince shi ba. Idan Baba ya dawo daga Isha'i da ƙafarsa ya kwanta, aka tashe shi Asuba aka tarar hannu ya mutu, lissafi daga lokacin kwanciya zai fara. Lokutan salla na taimakawa ƙwarai a nan: “ya yi alwalar La'asar da kansa, da muka fito daga Harami ne ya fara jan ƙafa” amsa ce da likita zai iya aiki da ita. Wayar da ya amsa ta ƙarshe ma shaida ce, a duba lokacinta.

Wani kan rage lokacin da gangan don a yi wa nasa allurar. Kada a yi haka, don Allah. Ga wanda ya farka da ciwon akwai hanya ta gaskiya: a wasu asibitocin hoton MRI na iya nuna ko raunin sabo ne, a yi allurar bisa wannan.

Su wa ne ba a yi wa ita ko kaɗan?

A shanyewar jiki, waɗannan su ne manyan abubuwan da ke hana ta:

- hoton kai ya nuna jini, ko ya nuna wani babban sashe ya riga ya mutu;
- mutum ya taɓa samun zubar jini a ƙwaƙwalwa;
- mummunan bugu a kai, ko tiyatar ƙwaƙwalwa ko ta lakar baya, cikin wata 3 da suka wuce;
- wata shanyewar jikin cikin wata 3;
- ƙari a cikin naman ƙwaƙwalwa;
- zubar jini daga ciki ko hanji cikin kwana 21, ko ciwon daji a wuraren;
- ƙwayoyin filatilet, masu taimaka wa jini daskarewa, ƙasa da 100,000, ko gwajin INR, mai auna tsinkewar jini, sama da 1.7;
- zargin tsagewar babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, ko ƙwayoyin cuta sun kama marfin zuciya.

Maganar filatilet ta shafe mu kai tsaye, domin zazzaɓin dengi yana nan a Jidda da Makka, kuma yana karya waɗannan ƙwayoyi sosai. Wanda ya yi zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi a makon, a faɗa. Haka nan maganar ciki: alhazai da yawa suna shan diclofenac ko ibuprofen kullum saboda ciwon gwiwa da tafiyar Mina, waɗannan kuwa suna cin bangon ciki. Baƙin bayan gida mai kama da kwalta alamar jini ce, kuma abu ne da dattijo ba zai faɗa ba sai an tambaye shi a keɓe.

Akwai wasu da ba hani ne kai tsaye ba, likita ne ke aunawa: babbar tiyata cikin kwana 14, huda jijiyar da ba a iya dannewa cikin mako guda, bugun zuciya na kwanan nan. Idan kuma alamun ƙanana ne da ba za su hana mutum harkokinsa ba, galibi ba a yin allurar, ƙwayoyi ake bayarwa, domin haɗarin ya fi ribar.

Hajiyarmu tana shan maganin tsinka jini. Za a iya yi mata?

Ya danganta da wane iri ne da kuma yaushe ta sha na ƙarshe. Asfirin da clopidogrel ba sa hanawa. Warfarin sai an gwada INR: idan 1.7 ne ko ƙasa, ana iya yi. Sababbin ƙwayoyin nan, apixaban, rivaroxaban da dabigatran, ƙa'idar ita ce a tabbatar ba a sha ba cikin awa 48, kuma idan ƙoda ba ta aiki sosai sukan daɗe fiye da haka a jiki. Allurar enoxaparin da ake yi a fatar ciki, idan cikakken adadin magani ne, awa 24.

Gwaje-gwajen jini na yau da kullum ba sa nuna sababbin ƙwayoyin yadda ya kamata, shi ya sa bakin ɗan rakiya ke da nauyi haka. “Tana shan wani ɗan ƙarami na zuciya” ba amsa ba ce. A kwaso ledar magungunan gaba ɗaya da kwalayensu, har da na gargajiya da aka taho da su daga gida. Muna ba duk wanda ya zo da tsoho shawara ya ɗauki hoton kwalayen a wayarsa tun ranar da suka sauka.

An ce jininsa ya hau da yawa, sai an saukar. Ba ɓata lokaci ba ne?

A'a. Dole awon ya sauka ƙasa da 185/110 kafin a fara, a kuma riƙe shi ƙasa da 180/105 har awa 24 bayan nan. Jijiyar da ta ji rauni, aka kuma cire mata abin da zai toshe yoyo, ba za ta jure matsin da ya wuce haka ba. Ana saukar da shi ta jijiya da magunguna irin su labetalol ko nicardipine, waɗanda ake iya sarrafawa minti bayan minti. Idan ya ƙi sauka, an fasa allurar.

Kada 'yan uwa su yi ƙoƙarin saukar da shi a gida da ƙwayar ƙarƙashin harshe. Faɗuwar awo farat ɗaya na rage ɗan jinin da ke kaiwa sashen da ke neman mutuwa.

Akwai abin da ke kama da shanyewar jiki amma ba ita ba ce?

Akwai, kuma na farko shi ne faɗuwar suga. Mai ciwon suga da ya yi insulin bai ci abinci ba ya shiga ɗawafi, ko yana azumi a Umarar Ramadan, yana iya samun karkacewar baki da mutuwar ɓari ɗaya sak. Shi ya sa gwajin suga na ɗan yatsa shi ne gwajin jinin da ba a tsallakewa kafin allurar. Idan ya gaza 50, suga ake ba shi, sau da yawa kuma ya miƙe cikin mintoci. Bugun zafin rana a Arfa da Mina ma na rikita hankali da magana, haka nan raunin da ke biyo bayan farfaɗiya.

An yi masa ƙaho shekaranjiya. Wannan zai hana?

Yankan ƙaho a fata yake, wuri ne da ake gani ake kuma iya dannewa, don haka shi kaɗai ba ya cikin manyan abubuwan hani. Amma a nuna wa nas wurin, musamman na ƙeya da na baya da riga ke rufewa, domin zai iya tsattsafowa. Haka yankan aska bayan askin Umara, da cire haƙori.

Abin da ya fi damun mu shi ne faɗuwa. Tsoho ya zame a banɗaki ko an ture shi a cunkoso ya bugu a kai makon da ya wuce, ya tashi ya ce ba komai, kowa ya manta. Ƙwaƙwalwar tsofaffi takan tara jini a hankali bayan irin wannan bugu. A faɗa, ko da ana ganin ƙaramin abu ne. Kuma kada a kira mai ƙaho ko wanzami bayan ciwon ya faru da nufin fitar da mataccen jini. Gudan yana can cikin jijiyar kai, ƙaho ba ya kaiwa gare shi, sai dai a ƙara raunuka a kuma cinye awannin da ake da su.

Mace mai ciki, mai jego, ko mai haila fa?

Haila ba ta hanawa, sai dai jinin na iya ƙaruwa, a sa ido. Ciki ba hani ne kai tsaye ba: idan shanyewar mai tsanani ce ana iya yi, tare da likitan mata a kusa, domin abin tsoron shi ne zubar jini a mahaifa. Makonni 2 na farko bayan haihuwa, balle idan tiyata aka yi, lokaci ne mai haɗari sosai. Wadda ke shan ƙwayar ɗage haila saboda aikin Hajji ita ma ta sanar.

Tsufa na hanawa? Sikila fa?

Shekaru kaɗai ba sa hanawa. Wanda ya haura 80 yana amfana, duk da cewa haɗarin jini ya fi yawa gare shi. Babban mutum mai sikila ana iya yi masa, amma jigon maganinsa shi ne musanyen jini, a yara kuwa musanyen jinin ne abin da ake gaggautawa.

Nawa ake bayarwa, kuma me ya sa ake tambayar nauyinsa?

Alteplase a shanyewar jiki miligiram 0.9 ne ga kowane kilo, ba a wuce 90. Ana tura kashi 10 cikin 100 a minti 1, sauran a ɗiga cikin awa 1. Mai kilo 70 zai sami miligiram 63: 6.3 da farko, 56.7 a hankali. Tenecteplase turawa ɗaya ce, 0.25 ga kowane kilo, iyaka 25. Idan aka yi kirdadon nauyi aka ƙara wa siririyar tsohuwa kilo 15, an ba ta maganin da ya wuce kima, haɗarin jini kuma ya ƙaru. Wanda ya san nauyin mara lafiya na kwanan nan ya faɗa.

A bugun zuciya da gudan huhu ma dokokin ɗaya ne?

Abubuwan hanin kusan ɗaya ne, lokaci da adadi ne suka bambanta. A bugun zuciya abin da aka fi so shi ne ƙasɗara, wato a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko cinya a buɗe toshewar, kamar yadda ake yi wa alhazai a asibitin King Abdullah Medical City da ke Makka. Allurar na shigowa ne idan ba za a kai ga ƙasɗara cikin minti 120 ba, kuma ciwon bai wuce awa 12 ba. Tenecteplase a nan miligiram 30 zuwa 50 ne bisa nauyi, kuma akan rage shi zuwa rabi ga mai shekara 75 zuwa sama. Ciwon ƙirjin da ke yagawa zuwa baya yana sa a dakata, domin yana iya zama tsagewar babbar jijiya.

Streptokinase yana da nasa matsalar. Daga ƙwayar cuta ake samo shi, jiki kan ɗauke shi baƙo ya ƙera masa makamai, shi ya sa yake kawo faɗuwar awo, zazzaɓi ko borin jini, kuma ba a son maimaita shi ga wanda aka taɓa yi wa. Wanda aka yi wa allurar zuciya a Najeriya, Nijar ko Sudan ya nemi sanin sunanta, ya ajiye a rubuce. Ba a amfani da shi a shanyewar jiki.

Gudan huhu, wanda doguwar zama a jirgi da ƙarancin ruwa a jiki ke iya jawowa, yawanci maganin tsinka jini ya ishe shi. Ana kai wa ga alteplase, miligiram 100 cikin awa 2, idan awon jini ya faɗi rai na cikin haɗari.

Bayan an yi allurar, me za mu sa wa ido?

Awa 24 na farko su ne masu nauyi. Nas za ta riƙa auna jini tana duba hannu, ido da magana kowane minti 15 har awa 2, sai kowane minti 30 har awa 6, sannan kowace awa. Za a riƙa tashinsa daga barci, kada a ga kamar takura ce. Ba asfirin, ba heparin, har sai an sake hoton kai bayan awa 24. Ana kauce wa allurar tsoka da sa robar fitsari ko ta hanci idan ba dole ba. Asuwaki da aski su jira.

Wanda ke zaune kusa da gado ya kira nas nan take idan ya ga sabon ciwon kai mai tsanani, amai, barci mai nauyin da ba a saba ba, ko ɓarin da ya fara motsi ya sake saki.

Akwai kuma kumburin leɓe da harshe, wanda ke samun mutum 1 zuwa 5 cikin 100, galibi a ɓari ɗaya, lokacin allurar ko jim kaɗan bayanta. Ya fi samun masu shan maganin hawan jini irin lisinopril, enalapril ko captopril. Yawanci yakan sace da magani, amma idan ya gangara maƙogwaro yana toshe numfashi. Murya ta canza ko miyau ya fara zuba, a yi magana.

Idan jinin ya ɓalle, akwai makari?

Babu wani maɓalli da ke kashe aikin allurar gaba ɗaya. Ita kanta tana barin jini cikin mintoci, amma ta riga ta cinye sinadarin fibrinogen da jiki ke daskarar da jini da shi, dawowarsa kuma na ɗaukar awanni. Abin da ake yi shi ne a tsayar da ɗigon, a koma hoton kai, a ƙara cryoprecipitate mai ɗauke da fibrinogen, galibi leda 10, ko a ba da maganin tsayar da jini na tranexamic acid giram 1 cikin minti 10, a kuma kira likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Ana ceto wasu. Amma gaskiyar magana, babban zubar jini bayan wannan allura yakan zo da mutuwa ko nakasa mai nauyi, kuma ya kamata iyali su ji wannan kafin su amince.

An ce ba za a yi masa ba. Shi ke nan babu abin yi?

Akwai. Idan babbar jijiya ce ta toshe, ana iya zura bututu har cikin kai a zaro gudan. Wannan aiki ba ya buƙatar allurar, don haka mai shan maganin tsinka jini ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan na iya samunsa. An fi yin sa cikin awa 6, amma tun 2018 an tabbatar yana amfani har awa 24 ga waɗanda hoto ya nuna akwai sauran ƙwaƙwalwar da za a ceta. Ba kowane asibiti ke yin sa ba, saboda haka a tambayi likita kai tsaye: an ɗauki hoton jijiyoyin? Akwai buƙatar a mayar da shi wani asibitin?

Ko babu wannan, kwanciya a sashen masu shanyewar jiki, gwajin haɗiya kafin a ba da abinci, kula da suga da zazzaɓi, da fara gashi da motsa jiki da wuri, duk suna rage mutuwa da nakasa. Idan harshe ne matsalar, a nemi tafinta tun daga ƙofar ɗawari, wato ɗakin gaggawa, kuma wanda ya fi sanin magungunan mara lafiyar shi ne zai shiga motar is'af tare da shi, ba lallai babba a cikin tawagar ba.